Maraba da Baki

"Wa ya sa hotona a shafin tasha?"

Ban san na ɗaga murya haka ba sai da na ga duk 'yan ofis sun waiwayo.

Manaja ya turo min wayarsa a kan tebur. Ga ni nan dai zaune gaban makirufo, gyalena ya zame, gashin nan nawa mai santsi ya leƙo, ga jar fata, ga idanun mahaifiyata Mami sak. A ƙasan hoton an rubuta: "Ga fuskar Ƙanwar Kowa mai gyara muku Hausa. Ashe ruwa-biyu ce!"

Shekara huɗu ina gabatar da shirin Gyara Harshe a gidan rediyon nan. Mutane su bugo da kalmar da ta shige musu duhu, ni kuma in warware. Ƙanwar Kowa suke ce min, kuma ba wanda ya taɓa ganin fuskata. Ni na so hakan, ba zan yi ƙarya ba.

"Karanta abin da suke cewa," in ji Manaja.

Na karanta. Wai an yaudare su. Wai 'yar aro ce za ta koya wa masu abu abinsu. Wata ma cewa ta yi in koma garinmu... Wane garin, don Allah? A unguwar bayan tashar nan aka yanke min cibiya!

Madam Labarai, wadda ke karanta labaran rana, tana gefe tana gyaran farce.

"Ayya ƙawata, ni fa talla na yi miki..."

Talla! Ashe ita ta sa hoton. Ta daɗe tana haɗiyar yawu a kan shirina, da kuma Injiniyan tasharmu da zan aura. Kowa ya sani, har maigadi.

Manaja ya yi gyaran murya. "Ki ɗan huta zuwa ƙura ta lafa. Madam za ta riƙe shirin."

"Yallaɓai, a bar min na yau."

"Za su zage ki kai tsaye fa."

"Na ji. A bar min na yau kawai."

Ya dube ni, sannan ya ce shirin ƙarfe huɗu na yau nawa ne.

Ina fita Injiniya ya tare ni a bakin ɗakin na'urori, waya naɗe a wuyansa kamar kullum.

"Rabin raina, tsaya mana..."

"Kada ka ƙara ce min rabi! Na gaji da rabi. Rabin nan, rabin can, kowa sai ya yanka ni biyu kafin ya san inda zai ajiye ni."

"To duka raina," ya faɗa a hankali. "Shi ke nan?"

Na so in yi dariya, hawaye suka riga ta.

Abin da ke tsakaninmu ya fi hoton nan nauyi. Wata guda da ya wuce mahaifiyarsa, Hajiya, ta je gidanmu ba sanarwa don ta ga inda ɗanta ke neman aure. Ina wurin aiki. Mami ce ta buɗe ƙofa.

Mami daga wata ƙasa mai nisa Baba ya auro ta lokacin da ya je karatu. Shekara talatin tana nan, har bayan rasuwarsa ta ƙi komawa. Hausa kam ta iya, sai dai har gobe harshenta ya ƙi ɗaukar "ƙ". Ta ga baƙi a ƙofa, ta washe haƙora don murna ta ce, "Maraba da baki!"

Hajiya ko ruwa ba ta sha ba. Ta kalli hotona a bango, ta kalli Mami, ta ja mayafinta. Da ta koma gida cewa ta yi ba za a haifa mata jikokin da ba su san bambancin baki da baƙi ba.

Abin dariyar kuwa, Hajiyar nan ita ce ta fi kowa bugo waya a shirina. Kafin in gama sallama layinta ya shigo, har muka sa mata Hajiyar Layin Farko. Ba ta san Ƙanwar Kowa ce yarinyar da ke bangon ba. Ni na hana Injiniya ya gaya mata. Ban so ta karɓi muryata ta bar fuskata a waje.

"Ta ga hoton?" na tambayi Injiniya.

"Ta gani." Ya sosa ƙeya. "Amma jiya ta sauko kaɗan. Ta ce za ta yarda... in dai ranar biki Mami za ta zauna a gida, danginku na wajen Baba su tsaya."

"Kai kuma ka ce me?"

"Na ce mata ba zan iya kawo miki wannan maganar ba."

"Ga shi ka kawo."

"Don ki san na ƙi ne. Wallahi ko shekara goma za a yi ina nan, ba inda za ni. Amma ba zan tsallake uwata ba, ke ma ba zan sa ki tsallake taki ba."

Na share fuskata da bakin gyale.

"Ka haɗa min makirufo biyu yau."

"Biyu? Wa za ki kawo?"

Na fita na tari mota.

Na tarar da Mami tana ninke wanki a falo, rediyonta a kan hannun kujera, tuni ta murɗo tasharmu alhali saura awa uku a fara shirin.

"Mami, sa mayafinki. Ɗauko littafin."

"Wane littafi? Ina za mu?"

"Tasha. Yau da ke za a yi."

Ta saki zanin da ke hannunta. "A'a, 'yata. Ni in yi magana duniya ta ji? Zan ba ki kunya."

Wannan kalmar ta soke ni, don ni na koya mata ita. Ina aji huɗu na ce ta daina zuwa ɗauko ni daga makaranta, saboda yara suna kwaikwayon maganarta. Daga ranar a bakin kwana take tsayawa ta jira ni, ko ana ruwa.

Na durƙusa na riƙe gwiwoyinta.

"Mami, ni na ba ki kunya. Ki yafe min, ki tashi mu tafi."

Ƙarfe huɗu daidai jar fitila ta kama. Ta cikin gilashi Injiniya ya ɗaga min yatsa. Mami na kusa da ni, ta rungume tsohon littafinta a ƙirji.

"Masu sauraro, assalamu alaikum. Ƙanwarku ce, wadda kuka ga fuskarta yau. Kalmarmu ta yau ita ce ruwa-biyu."

Layukan waya suka kama ƙiftawa gaba ɗaya. Na ƙyale su.

"Ruwa-biyu shi ne wanda uwa daban, uba daban a asali. Ni ce nan, ba a yi min ƙarya ba. Ƙaryar da aka yi ni na yi ta, da na ɓoye muku uwata shekara huɗu. Kun sha tambayata inda nake samo tsofaffin kalmomin da kakanninku kaɗai suka sani. To ga inda nake samo su."

Na karɓi littafin na matso da shi kusa da makirufo, na buɗe don su ji ƙarar takardun.

"Ranar da matar nan ta sauka a garin nan, ko 'sannu' ba ta sani ba. Ta sayi littafi. Duk kalmar da ta ji a kasuwa, a asibiti, a bakin tsofaffin maƙwabta, sai ta rubuta ta bi tana tambaya. Ana yi mata dariya tana rubutawa. Wannan na bakwai ne, shida na gida. Ta daina yi min nata yaren don kada a tsangwame ni. Duk Hausar da kuke yabo a bakina daga hannunta ta fito. In an cire ni daga shirin nan, an cire. In aure ne ba zai yiwu ba sai na ɓoye ta, to ya zauna. Ni dai na gama ɓoyo!"

Na yi wa Injiniya alama ya ba ni layi.

Na ga fuskarsa ta canja. Ya ɗaga yatsa ɗaya, ya nuna ƙirjinsa.

Layin farko.

Na danna.

"Salamu alaikum." Muryar Hajiya ce, ba fara'ar da ta saba. "Ba da ke zan yi magana ba. Ba ni mai littafin."

Na tura wa Mami makirufo. Ta dube ni a tsorace. Sai abin da ta saba faɗa wa duk wanda ya zo mata ya kuɓuce:

"Maraba da baki..."

Na runtse ido. A can bayan gilashi na hango Madam Labarai ta toshe baki tana dariya.



"Yau kam kin faɗa daidai," in ji Hajiya. "Baki ne ya bugo. Bakin nan nawa da ya yi ɓarna."

Mami ta dafe ƙirji.

"Shekara huɗu ina cika baki a unguwa cewa yarinyar nan 'yar gidan asali ce, daga jin Hausarta. Ashe gidan na je da ƙafata na ƙi shan ruwansa. Akwai wata kalma da ta faɗa bara, rabona da jin ta tun uwata na da rai, ranar sai da na yi kuka. Ashe ke kika adana min ita." Ta ja numfashi. "Baiwar Allah, ki yafe ni. Kuma ki gaya wa 'yarki ta daina cewa aure ya zauna, ba inda zai zauna. Gobe da hantsi za ku yi baƙi."

"Allah ya kawo ku lafiya," in ji Mami, tana kuka tana dariya.

Ban san yadda na ƙarasa shirin ba. Wasu sun bugo sun yi zagin da suka yi niyya, wasu kuma sun ce a ba su Mami su gaishe ta. Da jar fitila ta mutu, Manaja ya leƙo ya ce gobe ma ƙarfe huɗu, kuma in zo da sauran littattafan. Madam Labarai ta ɗauki jakarta ba sallama.

Injiniya ya shigo yana naɗe waya, idonsa jajir.

"Duka raina..."

"Na'am," na ce, a gaban Mami, ko kunya ban ji ba.

Washegari tun da safe Mami ta kafa kanta gaban madubi tana fama. "Ba... ba-ƙi. Baki. Kai! Ba-ƙi." Sau biyu ta samu, ta yi tsalle kamar yarinya.

Da hantsi aka ƙwanƙwasa. Ta gyara mayafi, ta ja numfashi, ta buɗe ƙofa. Hajiya ce a gaba, ɗanta a bayanta yana ta murmushi.

Mami ta dube su, duk abin da ta haddace ya gudu.

"Maraba da baki!"

Hajiya ta kama hannuwanta biyu ta riƙe gam.

"Bakin na gaishe ki, 'yar'uwa. Kawo min ruwan nan da na bari."