Ƙafafun Da Ba Su Kai Ƙasa Ba

Amarya na zaune gaban keken ɗinkinta da almakashi a hannu, ta kasa yankawa. Yunifom ne na ƙaramar sakandare, shi ne mafi ƙanƙanta a shagon makaranta, amma da 'yarta ta gwada shi sai siket ɗin ya share ƙasa, hannun rigar ya haɗiye yatsunta. Yarinyar ta riƙa kaɗa hannayen sama, ta fashe da dariyar nan tata da ta sa tun tana goye ake kiranta Ƙyalƙyal.

"Umma, kin ga na zama dodo!"

Shekararta takwas, kuma makon jiya ta gama aji uku na firamare.

Mijinta Kafinta ya yi sallama ya shigo, garin katako har a girarsa, baki har kunne. Shekara goma da aurensu bai daina kiran matarsa Amarya ba, har unguwa ta ɗauka. Teburin da kekenta ke kai ma shi ya haɗa mata da hannunsa tun yana zuwa zance, ya sassaƙa 'yar fulawa a gefe inda ita kaɗai ke gani.

"Amarya, kin ga fosta kuwa? Yaya ta sa an kafa a bakin titi! Ga hoton 'yarmu ɓaro-ɓaro, an rubuta 'yar shekara takwas a sakandare. Har shago ake zuwa yi mini barka."

Amarya ta aiki yarinyar ɗaki, sannan ta ajiye almakashin.

"Abban Ƙyalƙyal, aji huɗu, biyar, shida — duk a tsallake su rana ɗaya? Ni ban ce a danne ta ba. Na san ajinsu ya yi mata kaɗan, tana gama aiki sai hamma. A ɗaga ta aji guda. Ko kuma lokacin lissafi ta shiga wurin manya, in an gama ta dawo cikin sa'o'inta."

"Yaya ce mai makarantar, ta fi mu sanin boko."

"Ta fi ni sanin boko, amma ni ce nake cire wa yarinyar nan haƙori. Jiya ma ɗaya ya faɗi."

Ya yi dariya ya ja kumatunta. "Ke dai akwai tsoro! Rage mana siket, Amaryata."

Ta rage. Ba da son ranta ba, amma ta rage.

Yayar Kafinta ba muguwa ba ce, kada a ɗauki alhakinta. Ita ta goya Kafinta bayan rasuwar iyayensu, ita ta hana cikinta ta ba shi, don haka in ta ce fari ne, to ko baƙi wuluk ne a wurinsa fari ne. Tana son Ƙyalƙyal tsakani da Allah, Farfesa ma take kiranta. Sai dai tana son a ce makarantarta ta yi abin da ba a taɓa yi ba, kuma ta kasa raba son nan biyu a zuciyarta.

Makon farko Ƙyalƙyal ta dawo da labari cike da baki. Na uku labarin ya ragu. Lissafi kam ba ta da na biyu, tun malami bai rufe baki ba ta ba da amsa, kuma wannan ne ya ja mata tsana wurin 'yan mata masu shekara sha uku. Suka raɗa mata Jinjira. In malamar tarihi ta cika allo da rubutu, kafin ɗan hannunta ya kai rabi an goge. Lokacin tara kowa na da abokin hira, ita kuwa ba ta san ma abin da suke yi wa dariya ba, sai ta tsaya jikin shingen waya tana leƙen ɓangaren firamare, inda ƙawayenta ke tsallen igiya.

Wata safiya tana ɗaura takalmi ta ce, "Abba, ƙafafuna ciwo suke. Bencin ya yi tsawo, ba sa kai ƙasa, sai su yi ta lilo har su mutu."

"Wannan ai aikina ne!" in ji Kafinta. Shi ya yi wa makarantar bencinan nan, a kan awon manyan yara. Kafin yamma ya haɗa mata ɗan matashin ƙafa na katako, ya goge shi sumul, ya shafa masa jan fenti. Ya kawo gida yana jiran yabo.

Amarya ta juya matashin a hannunta, hawaye ya cika mata ido. "Ya yi kyau. Amma ba bencin ne ya yi mata tsawo ba, Abban Ƙyalƙyal, ajin ne gaba ɗaya."

Washegari 'yan ajin suka yi ta ƙwallo da matashin. Ranar Ƙyalƙyal ta dawo da siket a jiƙe, don tsoron haɗuwa da su a banɗaki ya sa ta matse fitsari har ya ƙwace mata. Ba ta yi kuka ba, ta shige bayan ƙofa ta tsuguna, kuma daga ranar dariya ta ƙaura daga gidan nan.

Amarya ta yi magana, ta yi lallashi, ta yi kuka. Kafinta ya ce yarinyar za ta saba. Da abin ya ishe ta, ran nan da Yaya ta zo gidan sai ta durƙusa gabanta.

"Yaya, don girman Allah ki mayar mini da ita baya. Yarinyar nan ba ta ci, ba ta magana."

Yaya ta sauke tabarau ta dube ta sama da ƙasa. "In mayar da ita? Bayan na kafa fosta, iyaye sun yi ta rububin kawo 'ya'yansu? Ke da ko sakandare ba ki gama ba, ke ce za ki koya mini aikina? Baƙin ciki kike kada 'yarki ta fi ki, shi ke nan!"

"Yaya, 'yata ce ba tallar makaranta ba!"

Tsit! Ita kanta Amarya sai da ta dafe bakinta. Yaya ta miƙe tana haki, ta juya wurin ƙanenta.

"Ka ji ko? A gabanka! Wannan ne sakayyar goyon da na yi maka? To ka zaɓa. Farfesa dai wurina za ta koma, in sa mata mai lesin, tunda a nan kashe mata zuciya ake yi."

Kafinta ya dubi yayarsa, ya dubi matarsa. Kowa ya san inda zuciyarsa take, amma namiji ne da bai taɓa koyon ce wa Yaya a'a ba. Kansa a ƙasa ya ce, "Amarya... ki je gida tukuna, sai na neme ki."

"Ni?" in ji Amarya. "To. Allah ya sa hakan ne alheri."

Ta ɗauki mayafi, ko kekenta ba ta waiwaya ba. Ƙyalƙyal na bayan labule, duk abin da aka yi a kunnenta.

Watanni suka shuɗe Amarya na gidan mahaifiyarta, ta rame ta yi baƙi. Yayanta namiji kullum sai ya tayar da maganar.

"Ki bari in je in karɓo miki takardarki! Mutumin da ya fifita fosta a kanki?"

"Yaya, ka bar shi. Ba ƙina yake ba, kunya ce ta ɗaure shi. In na kashe auren nan wa zai ɗauko mini yarinyata?"

Sai ta koma ɗaki ta yi kukanta a ɓoye. Kewar mijin na cinta, haushinsa na cinta, ga tunanin wa ke taje wa Ƙyalƙyal kai. Sau biyu tana zuwa bakin makaranta, maigadi ya ce an hana. Shi ma Kafinta ba daɗi yake ji ba. Gida ya yi masa faɗi, ƙura ta rufe keken, har gudun kallon teburin nan yake. Ya sha ɗaukar waya ya ajiye.

Ƙarshen shekara Yaya ta kira shi ofis, ta watsa masa takardun jarrabawa a gaba.

"Ta ƙarshe ta zo! Har lissafi, sifili! Uwarta ta gama da ita. Sai dai ta maimaita aji, ni kuma in san inda zan sa fuskata."

Ƙyalƙyal na tsaye a lungu, wuyanta duk ƙashi. Kafinta ya kama hannunta suka wuce shagonsa. Ya zaunar da ita kan wani guntun katako, ya koma aiki don kada ta ga idonsa. Aikin kantar jera kaya aka ba shi, yana awo yana gunaguni shi kaɗai, kwanyarsa ta ƙi ja.

"In na raba tsawon nan gida bakwai, in cire kaurin katako... kai, nawa ke nan ma?"

"Talatin da ɗaya da rabi," aka ce a hankali daga bayansa.

Ya auna. Daidai, ko gashi babu. Ya ajiye tef ɗin, ya zo ya tsuguna gabanta.

"Uwata, kin iya wannan da ka, amma kika ci sifili?"

Ta sunkuyar da kai tana wasa da garin katako da yatsan ƙafa.

"Faɗa mini, wallahi ba zan yi faɗa ba."

"Na san amsoshin, Abba. Da gangan na rubuta ba daidai ba." Ta ci gaba. "An ce wanda ya faɗi ba ya gaba. Na lissafa, su ƙawayena yanzu za su shiga aji biyar. In na faɗi sau uku za su iske ni. Saura biyu."

Kafinta ya ji kamar an buga masa guduma a ƙirji.

"Kuma in na daina ƙoƙari, Gwaggo za ta cire hotona, ku daina faɗa, Umma ta dawo. Ai saboda ni ta tafi." Ta ɗago ido, busassu, babu ko ɗigon hawaye. "Zan iya jira, Abba. Shekara biyu ba yawa."

Ƙaton namiji ya zauna daɓas cikin garin katako yana kuka kamar yaro, masu wucewa na leƙe. Duk basirar da suke alfahari da ita, ga inda 'yarsa ta kai ta: lissafin yadda za ta rushe kanta don ta samu abokan wasa da uwa.

Bai ko rufe shagon ba ya saɓa ta a kafaɗa sai gidan surukarsa. Amarya na shanya a tsakar gida, tana ganinsu zanen ya suɓuce daga hannunta. Ƙyalƙyal ta ruga ta ƙanƙame ta, sai a lokacin kukan da ta riƙe wata da watanni ya ɓalle. Kafinta ya zube gwiwa biyu gaban surukarsa da matarsa.

"Amarya, na cuce ki, na cuci 'yata. Kin faɗa mini tun ranar almakashi ban ji ba. Ki yafe mini."

Ta dube shi, hawaye na zuba. "Ni na yafe tun kafin ka zo. Amma ba zan koma ba sai ka je ka faɗa wa Yaya da bakinka."

Ya je. Ya ce, "Yaya, ke ce uwata ke ce ubana, har in mutu ba zan iya biyanki ba. Amma ba da Ƙyalƙyal zan biya ba." Yaya ta nuna masa ƙofa. Ta sa aka sauke fostar a ranar, ta yi shekara guda ba ta amsa gaisuwarsa, shi kuwa bai fasa zuwa duk mako yana durƙusawa ba.

Kada a zaci komai ya koma yadda yake. Dole aka sauya wa yarinyar makaranta, ƙawayen da ta yi niyyar jira shekara uku ba ta sake zama aji ɗaya da su ba. A sabuwar makarantar aka gwada ta a natse, aka tambayi iyayenta, aka tambaye ta ita ma, sannan aka sa ta aji shida, lokacin lissafi kawai take haurawa wurin manya. Ta daɗe tana firgita in an kira sunanta a aji. Dariyar nan kuwa Amarya ta yi ta kasa kunne, shiru.

Sai wata rana da ta dawo, ta jefar da jaka, ta tsaya gaban keken ɗinki inda Umma ke aiki, Abba na gefe yana gyara ƙafar teburin.

"Umma, na yi ƙawa! Ita ma haƙorinta ya faɗi, in ta ce sittin sai ta yi fito!" Ta kwaikwaya, sai ga ƙyalƙyal ɗin ta kuɓuce mata, 'yar gajeriya, a shaƙe, amma ita ce.

Amarya ta tsayar da keken. Ta laluba hannun mijinta a ƙarƙashin teburin ta riƙe gam.

"Bencin fa, uwata?" in ji Kafinta. "In kawo matashi?"

"A'a, Abba. Ƙafafuna suna kai ƙasa."

Iyaye, in Allah ya ba ku yaro mai kaifin basira, kada ku danne shi, amma ku ɗaga shi gwargwadon abin da zuciyarsa za ta ɗauka, don ba kwanya kaɗai ke zuwa makaranta ba, yaron ne gaba ɗaya. Miji kuma ya sani, girmama na gaba wajibi ne, amma ba a yinsa da hawayen mata da 'ya'ya. Amarya ta yi haƙuri, ba ta kuma yi shiru a kan gaskiya ba, shi ya sa mijinta da 'yarta duka suka dawo hannunta.