Sunan da Inna Ba Ta Faɗa

Mairo na tankaɗe a tsakar gida da la'asar, mijinta Maliki kuwa ya tsuguna a gabanta, ya naɗe hannu kamar yaron da ya fasa tulu.

"Malama, a yi mini afuwa, na makara. Jakina ne ya ƙi tafiya."

"Ba haka ba ne, Maigida! Cewa za ka yi jakin ya cinye littafin — nan mutane za su yi dariya."

Firaktis suke yi, wato gwajin wasa. A shekarar 1964 Mairo ce malamar ajin mata na yaƙi da jahilci a Birnin Gwari. Malam Andrawus, oganeza mai kula da azuzuwan, ya shirya wasan kwaikwayo don ranar raba satifiket: wata malama da wani ƙaton ɗalibi mai taurin kai. To, matar aure ba ta hawa dandamali da namijin waje, shi ya sa ɗalibin ya zama dole mijinta. Maliki mai amya ne, rabin shekararsa a dajin Kamuku yake yinta wajen ɗiban zuma. Wata takwas ke nan Mairo na koya masa karatu a ɗaki, ba da sanin uwarsa ba. Yana son ta ƙwarai, da ta ce ya fito a jakin ma da ya fito.

Suna cikin haka Inna Ma'u, uwar Maliki, ta shigo da ƙunshinta a ka, dawowarta ke nan daga biki a Randagi. Ta ga ɗanta a ƙasa, matarsa a kan kujera.

"Innalillahi! Kwana biyar na yi, har an juye gidan?"

"Sannu da zuwa, Inna. Wasa ne muke gwadawa, ranar Asabar za a yi a filin firamare—"

"A fili? Gaban mutane?"

Maliki ɗan fari ne. Shekara talatin da biyu Inna Ma'u ba ta taɓa kiran sunansa ba, don kunya. In za ta yi masa magana sai ta dubi wani abu daban, kuma rumbun gidan ya fi kowa shan faɗa. Yau ma shi ta fuskanta.

"A gaya wa wancan, ni ban haifi abin dariyar gari ba. Ke kuma Mairo, saurara. Ranar da gwiwarsa ta taɓa ƙasa a gabanki a bainar jama'a, ranar za ki bar gidan nan da takardarki. Tunda kin iya boko, kya karanta abarki!"

Maliki mutum ne da ke sa hannu cikin amya ƙudan zuma na kansa, amma uwarsa ba ya iya musa mata. Mairo ta shige ɗaki ta yi kuka mai isarta. Abin ya yi mata zafi, domin shekara shida ita ke dama wa tsohuwar nan kunu, ita ke matsa mata ƙafa.

Da Maliki ya biyo ta, ta share ido ta ce, "Mu fasa kawai, Maigida. Aurena ya fi mini wasa."

"Na riga na ba Andrawus alkawari. Kuma maza goma sha ɗaya sun ce in har na tsaya na yi rubutu a gaban gari, za su shiga aji. In na janye, cewa za su yi karatun manya abin kunya ne."

"In ka tsuguna fa?"

Kwana uku gidan ba daɗi. Inna ta daina cin tuwon Mairo, sai ta aika a karɓo mata na maƙwabta, ta kuma ci tana ƙorafin ba gishiri. Mairo ba ta fasa durƙusawa ta gaishe ta kowace safiya ba, ko da amsar tsaki ce.

Ranar Asabar da hantsi filin firamare ya cika. An jera bencina an yi dandamali, an jingina baƙin allo. Inna Ma'u ta zo, wai ba kallo ya kawo ta ba, shaida ta zo yi. Ta zauna cikin mata kusa da Martha, matar Malam Andrawus.

Maliki ya fito da tsohuwar riga, ya ce jakinsa ya cinye littafin, fili ya kwashe da dariya. Nan ne aka tsara malama za ta ɗaga bulala ta ce, "Tsuguna!" Ya fara lanƙwasa ƙafa.

Mairo ta ajiye bulalar. Ta durƙusa har ƙasa, kamar yadda take miƙa masa ruwa in ya dawo daga daji, ta miƙa masa alli da hannu biyu.

"Tsaya da ƙafarka, Maigida. Wanda ya girma ya zo neman ilimi, shi ake durƙusa wa. Ga allo."

Malam Andrawus ya shiga juya takardarsa yana neman inda aka rubuta wannan, bai gani ba. Maliki ya karɓi allin. Harafin farko ya fito a karkace, amma ya ci gaba har ya gama. 'Yan aji suka karanta da ƙarfi, baki ɗaya: "Ma-li-ki!" Aka ɗau tafi da guɗa.

Inna Ma'u ta taɓa Martha. "Shi ya zana wannan? Da kansa?"

"Da kansa, Inna. Sunan da kuka sa masa ne. Sarakuwarki ta koya masa."

Tsohuwa ta daɗe tana kallon allon. Ba ta yi guɗa ba, uwar ɗan fari ba ta yi. Ta dai ja mayafi ta rufe fuska, Martha kuwa ta yi kamar ba ta ga hawayen ba.

Da yamma ta ci tuwon Mairo, ba ta ce uffan a kan gishiri ba. Da Maliki ya fita masallaci, ta kira Mairo gindin rumbu.

"Maganar da na yi rannan, na janye. Ki yafe mini, 'yar nan."

"Haba Inna! Ba komai wallahi."

"To, zauna." Ta share ƙasa da tafin hannu, ta tsinci tsinke. "Wannan da ya zana a allo… harafi nawa ne?"

"Shida."

"Bakina ba zai faɗa ba har in mutu. Amma ban ji an hana hannu ba. Nuna mini."

Maza goma sha ɗayan nan sun shiga aji, har da ƙarin huɗu. Haƙurin Mairo ya tsare mata aurenta, kuma darasin a fili yake: mai koyar da babba, in ya fara da girmama shi, ba abin da zai rasa. Wannan bai rage wa Mairo komai ba, sai ma ɗaliba da ya ƙara mata.

Inna Ma'u ta yi wata biyu kafin ta iya. Daga nan kullum da safe, in ɗanta ya saɓa gatari ya nufi daji, sai ta rubuta sunan a gindin rumbu, ta dube shi son ranta, ta share kafin ya dawo.