Tankin da Ba Kifi

Na tashi daga asibiti rana tana gab da faɗuwa, ƙafafuna duk sun yi tsami, sai ga wayar maigidana.

"Likita, don Allah ki biya shagon mai kifin ado ki karɓo mini duwatsuna. Na riga na yi masa magana."

Likita yake ce mini idan zai ɗora mini wahala. Ni nas ce, aikina wanke ciwo da ɗaure shi. Shi kuma yankan gilashi ne sana'arsa: tagogi, madubai, kantocin shaguna. Wani bidiyo ya gani a waya, na wani mutum da ya ajiye teku a falonsa, da duwatsun murjani kala-kala da ƙananan kifaye suna shawagi. Tun daga ranar ban ƙara gane kan mijina ba. Ya yanka gilashi da hannunsa, ya haɗa tanki mai tsawon doguwar kujera, ya kafa shi a falona, ya cika shi da ruwa, ya narka gishirin teku na buhu a ciki. Mutumin da ko kaza bai taɓa kiwo ba, wai shi zai yi kiwon teku.

Shagon yana can bayan rumbunan ajiyar kaya, inda kwalta ta ƙare. Babu kowa a layin. Tun kafin in kai ƙofa warin ya tare ni. Na san warin gyambo, na san na ƙafar mai ciwon suga da ta ruɓe, kuma ina cin abincina bayan na wanke su. Wannan daban ne. Ƙarni ne da ɗoyi a haɗe, da wani zaƙi-zaƙi a ƙarshensa da ke maƙale wa mutum a maƙogwaro.

Mai kifin dattijo ne siriri, sanye da safar hannu ta roba har gwiwar hannu. Ya turo mini bokiti da ƙafa, an rufe shi da jiƙaƙƙen tsumma.

"Dutse mai rai ke nan, Hajiya. Daga cikin teku aka ciro shi, da duk abin da ke zaune a ramukansa. Ki gaya wa maigida kada ya sa shi a tanki tukuna. A bokiti zai bar shi a waje, a rufe, yana goge shi yana canza masa ruwa har warin ya mutu. Abin da ya mace zai zube, abin da ke ɓoye zai fito. Kuma kada ya taɓa shi da hannu tsirara."

Na ɗaga tsumman. Duwatsu ne masu ramuka, ruwan toka da shunayya, duk yauƙi ya lulluɓe su. Ɗaya ya fi sauran duhu, yana da rami guda a gefe, kamar ƙofar hanci.

"Wannan fa?"

Dattijon bai kalle shi ba. "Ban yi odarsa ba. A ƙasan kwali na same shi. Gyara ne."

Na isar da saƙon kamar yadda aka ba ni, ban rage ko kalma ba. Maigidana ya yi dariya, ya ce tsoffin mutane ke nan da son wahala, a bidiyo an ce tunda ba kifi tukuna ana iya yin komai a cikin tankin. Kafin in cire takalmina ya jera duwatsun a ruwa da hannunsa, baƙin a tsakiya. Ya ɗauko ɗanyen jatan lande daga firiji ya jefa.

"Wa za ka ba? Ba kifi a ciki."

"Haka ake yi. Tanki ake fara ciyarwa kafin kifi. Naman zai ruɓe, wasu ƙwayoyi da ido ba ya gani su zo su ci, su zauna. Su ne za su riƙa tsabtace ruwan."

"Wato ka ajiye wa abin da ba ka gani abinci, a cikin ɗakinka, da magariba, kana roƙonsa ya zo ya zauna."

"Likita, kimiyya ce."

Ya ce jatan landen zai yi kwanaki kafin ya narke. Da safe babu shi. Ko ɓawonsa babu.

Maigidana har da tafi. Ya ce tankinsa mai ƙoshin lafiya ne. Daga nan kullum idan ya dawo daga aiki, rana na faɗuwa, sai ya jefa wani abu. Jatan lande ya ƙare, ya koma hanta. Hanta ta ƙare, na fara neman tsokar da na yanka don miya ina rasawa. Warin kuwa ya shiga labule, ya shiga kujeru, ya shiga farin kayan aikina. Wata abokiyar aikina ta ja ni gefe ta tambaye ni a hankali ko wani abu ya mutu a jakata. Ƙanwar maigidana ta zo gaishe mu, ta sha ruwa a tsaye ta ce tana sauri. Na ji kunya, na ji haushi, kuma na daina cin abinci a falo.

Sai wata ƙara ta fara fitowa daga tankin. Injin juya ruwa yana da nasa gurnanin, na saba da shi. Wannan a ƙarƙashinsa take. Ƙas. Ƙas. Sannan wani tsotso, irin na tsoho marar haƙora yana shan ɓargo.

"Ƙaguwa ce ƙarama," in ji shi. "Suna zuwa a cikin dutse."

Hannun mai yankan gilashi ba ya rabuwa da yanka. Ƙanana ne, shi ko ji ba ya yi, ya goge a wando ya ci gaba da aiki. Wata rana ya dawo da sabo a ɗan yatsansa manuni na dama, wanda yake danne abin yankan da shi. Yana jini kaɗan-kaɗan. Na ce ya tsaya in ɗaure masa. Ya ce bari ya gyara zaman wani dutse tukuna. Ya tsoma hannun a tankin. Na ga jan zaren jini ya tashi daga yatsan a cikin ruwa, ya yi lilo, sannan ya miƙe sak ya shige ramin baƙin dutsen, alhali injin wani gefen yake tura ruwa.

Tun daga ranar tankin ya daina cin nama.

Hantar da ya jefa ta kumbura ta yi fari, tana yawo a sama da kumfa. Ni na kwashe ta da ludayi, na yi amai a makwarara, na jefar da ludayin. Shi kuwa bai damu ba. Ya daina jefa komai. Magariba na yi sai ya naɗe hannun riga ya tsoma hannunsa, ya tsaya shiru. In na yi magana ya ce duwatsu yake gyarawa.

Yatsan ya ƙi warkewa. Ya yi fari, ya yi laushi kamar burodin da ya kwana a ruwa. Ya fara sakin abin yanka a wurin aiki, ya lalata wa wani madubi babba. Wannan hannun shi ke ciyar da gidanmu tare da nawa, kuma na ga irin wannan fari a asibiti, na san inda yake ƙarewa. Na zaunar da shi na buɗe bandejin. Babu mugunya. Ruwa ne ke tsattsafowa, mai sanyi, da warin bokitin nan. A bakin ciwon na ga wani farin zare, na ɗauka auduga ce ta maƙale. Na kama shi da hantsaki na ja.

Ya biyo. Ya yi ta biyowa.

Sannan ya murɗa kansa, ya kuɓuce, ya koma ciki.

Na ɗago na kalli maigidana. Murmushi yake yi, idonsa na kan tankin.

Washegari daga asibiti na kira mai kifi. Na gaya masa komai. Da ya yi magana, ƙasa-ƙasa ya yi.

"A ɗaki kuka sa shi?"

"A falo."

"Kuka ciyar?"

"Kullum."

"Hajiya, ba kowane rami ne gidan tsutsa ba. Akwai masu zama a ruwa da ba a kiran sunansu. Da an bar shi a waje da yunwa, da ya gaji ya tafi. Ku kun shigar da shi, kun ba shi masauki." Ya ƙara yin ƙasa da murya. "Abin ruwan gishiri ba ya jure ruwan famfo. Shi kaɗai na sani. Kada ki bari rana ta sake faɗuwa hannunsa na ciki."

Na nemi a riƙe mini aikina na fito, amma hanya ta cushe. Ina sauka daga mota sararin samaniya ya riga ya yi ja.

An ɗauke wuta a layinmu. Gidan shiru, injin ya mutu. Na tura ƙofar falo, warin ya bugi fuskata har idona ya kawo ruwa. Tabarmar ƙofa a jiƙe take.

Yana tsaye a kan ƙaramar kujera, ya kifa ƙirjinsa a bakin tankin. Hannunsa na ciki har kafaɗa.

"Yallaɓai," na ce a hankali. "Fito da hannunka."

Bai juyo ba.

Tsotson nan ya cika ɗakin. Yanzu ba injin da zai rufe shi.

Na kunna fitilar waya na haska gilashin. Ruwan ya yi fari-fari kamar na wankin nama. Fararen zaruruwa sun fito daga ramin dutsen, da yawa, kamar furfurar da aka tsefe. Sun naɗe yatsan, sun naɗe tafin, sun kai wuyan hannu. Suna kumbura suna saki. Kowane ya yi ja a ciki.

A bayan zaren akwai fuska.

Ta fi ramin girma, ban san ta yadda ta fito ba. Fatarta a kumbure, tana saɓulewa. Ba ta da leɓe. Yatsan mijina na cikin bakinta.

Ta buɗe ido ta kalle ni. Ba ta daina tsotso ba.

"Bai ƙoshi ba," in ji maigidana da raɗa. Muryar da ta fito a jiƙe take, ba tasa ba ce. "Ki bar shi. Baƙo ne."

Na nemi tsarin Allah. Na kama kugunsa na ja. Kamar in ja bango. Zaren ya ƙara hawa, ya wuce agogonsa.

Sai na tuna maganar dattijon.

Na ruga kicin. Famfo ya yi tari, babu ruwa. Na rungumi babbar robar da muke tara ruwa, wadda a kullum sai mu biyu muke ɗaga ta. Ban san yadda na kawo ta falo ba. Na kafa ta a bakin gilashin na tuntsurar a kan dutsen.

Ruwa ya yi ambaliya a ƙafafuna, da ɗumi, da yauƙi.

Abin ya yi ƙara. Ba a kunne na ji ta ba, a haƙorana na ji.

Zaren ya tsittsinke yana murɗawa. Fuskar ta tsuke, ta tsotse kanta cikin ramin kamar majina. Na sake jan kugunsa, muka zube tare a ƙasa. Wasu guntayen zaren sun biyo mu, suna motsi a kan tayil, ɗaya ya hau bayan ƙafata. Na murje shi da takalmi na ja mijina waje.

A ɗan sauran hasken yamma na duba hannun. Yatsan ya zama fata a kan ƙashi, kamar an zuƙe rake an tofar.

A asibiti an ceci hannun, an cire yatsan. Likitan da ya yi aikin ya ce wata ƙwayar cuta ce ta ruwan teku, na gyaɗa masa kai. Mai kifi ya zo da kansa da dogon awartaki, ya ciro baƙin dutsen ya jefa a bokitin ruwan famfo, ya rufe, ya tafi da shi. Ban tambaye shi inda zai kai shi ba. Na ba da kujerun, na ƙona labulen, na wanke falon har fatar hannuna ta saɓule. Maigidana ya kwance tankin ya yi tagogi da gilashin. Ya koyi danne abin yanka da yatsan tsakiya, kuma aikinsa ya dawo. Ba ya tuna komai na yammacin nan, ya ce barci ya ɗauke shi a tsaye.

Dungulmin ya warke sumul. Sai dai idan rana ta kusa faɗuwa yakan yi danshi, kuma ni na san warin.

Jiya da magariba na shiga kicin na same shi a tsaye a duhu. Ya cika kofi da ruwa, ya zuba gishiri har ya kwanta a ƙasa, yana juyawa da cokali a hankali.

"Yallaɓai, me za ka yi da wannan?"

Ya dubi kofin, ya dubi hannunsa, sannan ya dube ni. Idonsa ya cika da hawaye.

"Likita, ba ni ke jin ƙishin ba."