Jar Zuciya a Ƙofar Gida

"Abbu, don Allah a ƙara haƙuri... wallahi suna hanya!"

Zarmeen ce ke roƙo. Mahaifinta ko kallonta bai yi ba. Da ma da ƙyar ya yarda Shehryar ya kawo iyayensa neman aurenta, wai mai kai saƙo a babur ba ya riƙe gida.

"In aka kira la'asar ba su zo ba, magana ta mutu," ya ce.

Lungunan tsohon birnin Lahore ba sa kwatantuwa da baki. Shi ya sa tun jiya ta dasa alamar jar zuciya daidai ƙofarsu a taswirar waya, ta saka Shehryar da 'yan gida a ciki, kowa na iya gani da taɓawa.

Ta faɗa ɗaki ta buɗe taswirar. Shuɗin ɗigon da ke nuna inda yake yana tafiya, amma ya ba gidansu baya... gadar kogin Ravi ya nufa!

Ta kira, bai ɗaga ba. Tuƙi yake.

"Angon ya tsere ke nan?" Rubab ce, 'yar kawunta, jingine da ƙofa tana murmushi.

Zarmeen ta nemi jar zuciyar a taswirar ta rasa. Can ta gano ta a tsallaken kogi, tsakiyar wani fili. Ta taɓa ta, sunan wadda ta matsar da ita ya fito.

"Baji... ke?" ta ce da Rubab, yayar tata.

Murmushin ya ɗauke.

"Ni na fara ganinsa! Ni na haɗa ku, kika ɗauke min shi ina ji ina gani!"

Daidai nan ladan ya kwaɗa kira.

Zarmeen ta zube gaban mahaifinta, ta miƙa masa wayar, hawaye na zuba. Ya daɗe yana kallo, ya ɗago ya dubi Rubab har ta sunkuyar da kai.

Sai ga kiran Shehryar, Abbu ya ɗaga.

"Zarmeen, rayuwata, ba kowa a nan sai shanu! Ammi kuka take, don Allah ki roƙar min Abbu..."

"Abbun ne."

Ya miƙe tsaye, ya ci gaba:

"Bar bin zuciyar nan, yaro. Ka ga ɗigon wayar 'yata? Ni ne. Bi ni."

Ya zura takalmi ya fice da wayar a hannu, duk da ciwon gwiwarsa.

A wayar mahaifiyarta Zarmeen ta zuba ido. Ɗigo ɗaya na rarrafawa zuwa Ƙofar Delhi ta tsohon birnin, ɗaya na keto gari a guje. A bakin ƙofar suka haɗe, suka juyo tare.

"Ammi... suna zuwa!"

"To tashi ki wanke fuska, ko da kumburarrun idanu za ki kai wa surukarki shayi?"

Bayan ƙaramar sallah aka ɗaura aure. Rubab ba ta zo ba, kuma babu wanda ya tura mata kwatance.