Ramammen Bijimin Ikilima

Sufeto Maharazu bai iya zama wuri ɗaya ba, ko shayi a tsaye yake sha. A tsaye kuwa ya saurari Ikilima, wata bazawara daga Bande, da ta iso komisariyar Magariya, wato ofishin 'yan sanda, da hantsi tana haki.

"An sace mini bijimi jiya, ana masallacin Juma'a."

"Shi kaɗai?"

"Shi kaɗai, ranka ya daɗe. Shi ne uban garkena."

A makiyayar Bande ya tarar da ƙosassun bijimai huɗu suna tuƙa, babu wanda aka taɓa. Na Ikilima kuwa, in ji makiyaya, ramamme ne, ana iya ƙirga haƙarƙarinsa.

"Wane irin ɓarawo ne zai bar waɗannan ya ɗauki ƙashi?" in ji Sufeto.

Amsar tana ofishin Madam Zouera, likitar dabbobi.

"Mun ɗebi maniyyin bijiman gargajiya ashirin daga Magariya da Dungas, mun aika labo, ɗakin gwaji," ta ce. "Akwai wasu furotin a ciki da ke nuna bijimin da barbararsa za ta kama. Ramammen nan ya fi kowa."

"Wane bijimi ya zo na ƙarshe a gwajin?"

"Gwarzo, na Alhaji Barau. Na gaya masa ranar Alhamis."

Sufeto yana ta zagaye ɗakin, sai ya tsaya gaban wani ƙusa a bango.

"Mene ne ake ratayewa nan?"

Madam ta dafe ƙirji. "Awartakin dandaƙa! Babban, na shanu."

Bai ko yi sallama ba ya haye babur. Minti biyar ya isa a kashe irin bijimi har abada.

Alhaji Barau ya tare shi a ƙofar gida da fara'ar da ta yi yawa.

"Awartaki? Aro na yi, bunsurana zan dandaƙe."

"Da na shanu, Alhaji? Bunsurun naka raƙumi ne?"

Kafin ya amsa, wani kuka ya taso daga bayan rumbu. Can suka tarar da ramammen a kwance, an ɗaure ƙafafunsa huɗu, awartakin yana gefe. Sufeto ya duƙa ya duba da kansa, sannan ya sauke numfashi. Ba a taɓa shi ba.

Barau ya zube ƙasa.

"Tun jiya nake ɗauka ina ajiyewa, hannuna ya ƙi. Shekara biyar ana ce mini mai Gwarzo, Sufeto. Garkenmu ɗaya da Ikilima. Da Madam ta faɗa mini, na dawo na kalli maruƙana ɗaya bayan ɗaya."

Sufeto ya waiwaya. Maruƙa tara a turke, kowanne da farin tabo a goshi, irin na ramammen sak.

Tausayi ya kama shi, amma ya sa wa Barau ankwa. Suna fita, Barau ya tsaya.

"A kwance shi a hankali," ya ce. "Uban 'ya'yana ne."