Tsoron Azumi

Mairama na tankaɗen gero a tsakar gida lokacin da mijinta Ɗanlami ya fito daga ɗaki a hankali, ya ɗauki fartanyarsa yana sanɗa. Bai kai zaure ba Azumi ta hango shi. Ta yar da ƙoƙon kununta, ta ruga ta ƙanƙame ƙafarsa.

"Baba, kak ka tahi. Za su kama ka."

"Lambu za ni, Azumi. Albasa na son ruwa."

Ba ta ji ba. Sai da Mairama ta zo ta ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya, ta rungume ta, sannan ya samu ya fita, shi ma idonsa ya yi ja.

Haka suke fama tun bara. Dogarai ne suka shigo garinsu Danwarai neman masu ɗaukar kayan Nasara, suka tasa Ɗanlami gaba a kan idon 'yarsa, tana da shekara shida. Ya yi watanni kafin ya dawo. Ya dawo lafiya, amma yarinyar ba ta koma daidai ba. Ko takun jaki ta ji a ƙofar gida sai ta firgita, ta yi amai. An sha rubutu, an yi hayaƙi, abin bai tafi ba.

Goggo, yayar mahaifin Ɗanlami, wadda ta raine shi tun yana maraya, tana zaune bakin ɗakinta tana kallo.

"Ke Mairama, ba ki da kunya? Ɗiyar fari kika rungume gaban mutane? Mu a zamaninmu ko kallon ɗan fari ba mu yi. Ke kinka lalata ta."

"Goggo, ki yi haƙuri. Tsoro take ji."

"Tsoron mi? Shagwaɓa ce. A ba ni ita in kai ta Kuberi wajen ƙanwata. In ba ta ganin ku, dole ta yi ƙarfin hali."

Da Ɗanlami ya dawo, Goggo ta maimaita masa, ta ƙara da cewa in bai yarda ba, to ya nuna wa duniya matarsa ta fi wadda ta goya shi. Ya sunkuyar da kai. Yana son Mairama tun suna yara, bai taɓa ɗaga mata murya ba, amma bai taɓa yi wa Goggo musu ba.

"Malam, kak ka yarda," in ji Mairama da suka keɓe. "Abin da take tsoro shi ne rabuwa da kai. Shi za a yi mata magani da shi?"

"Kwana kaɗan ne. Wataƙila Goggo ta fi mu gani."

Ranar tafiya aka ce wa Azumi biki za a je, Baba na tafe a baya. Ta hau jaki tana waiwaye. Mairama ta shige ɗaki, ta toshe bakinta da zane don kada a ji kukanta.

Gidan ya yi shiru. Mairama tana kai wa Ɗanlami tuwo, ta ajiye, ta juya. Ba faɗa, ba hira. Shi kuma sai ya daɗe a fadama ba don aiki ba.

Wata bai cika ba ƙanwar Goggo ta dawo da yarinyar da kanta. Ta ce ba ta ci, ba ta wasa, kullum tana bakin hanya tana jiran Baban da aka ce yana tafe, ita kam tana tsoron ta mutu a hannunta. Azumi ta rame, wuyanta duk ƙashi. Ɗanlami ya miƙa mata hannu. Ta dube shi, ta ɓuya bayan uwarta.

Mairama ta ɗaure kayanta a ranar.

"Malam, ban taɓa yin yaji ba, kuma ba don na daina son ka ba ne. Amma in za a sake ɗauke ta, gara in tahi da ita gidanmu."

Ɗanlami ya karɓi ƙullin daga hannunta ya ajiye. Ya je ya durƙusa gaban Goggo.

"Goggo, ke ce uwata, ba ni da wata. Amma na yi ma ɗiyata ƙarya, kin ga abin da yab biyo baya. Ki bar mu mu gwada namu."

Goggo ta kau da kai. "Tunda matarka ta fi ni, ku je." Daga nan ta daina amsa gaisuwar Mairama, ta daina cin abincinta.

Ɗanlami da Mairama suka yi shawara ba za su ƙara ɓoye wa Azumi komai ba. In zai fita, sai ya tsuguna ya gaya mata inda za shi da lokacin da zai dawo. Da farko yakan saɓa ta a kafaɗa su je lambu, ta zauna gefen fangalin albasa tana kallon sa yana ban ruwa. Daga baya ta yarda ta tsaya gindin tsamiya da uwarta, inda take iya hango shi. In tsoron ya taso, Mairama ba ta ce mata ta yi shiru. Takan ɗora tafin yarinyar a ƙirjinta ta ce, "Ja numfashi tare da ni. Ina nan." Wata rana abin ya yi sauƙi, wata rana ya dawo kamar ba a yi komai ba. Matan unguwa suna dariyar uwar da ba ta kunyar 'yar fari. Mairama ta shanye.

Da albasa ta yi, dole Ɗanlami ya kai ta kasuwar Jega. Ya gaya wa Azumi gaskiya: da nisa, ba za ta hango shi ba, amma zai dawo kafin rana ta faɗi. Ta yi kuka har ta yi amai. Ta wuni a zaure, Mairama na gefenta.

A Jega ciniki bai yi ba. Abokan tafiyarsa suka ce a kwana, gobe za ta fi daraja. Ya sayar da tasa a yadda aka taya, ya kamo hanya.

Rana ta yi ja, Azumi ta kafa wa hanya ido. Sai ga Goggo ta fito da tabarmarta, ta zauna kusa da ita ba tare da ta dubi Mairama ba.

"Ubanki ma haka yay yi da uwarshi ta rasu," ta ce a hankali. "Ni kuwa duka nai ta yi mai. Matso nan."

Suna nan zaune Ɗanlami ya shigo, ƙafafunsa sun yi futu-futu da ƙura. Azumi ba ta ruga ba. Ta tashi, ta ɗebo ruwa a randa, ta kawo masa da hannu biyu.

"Baba, ka dawo."

"Na ce miki zan dawo."

Tsoron bai bar ta gaba ɗaya ba, har ta girma yakan leƙo ta, amma ta koyi zama da shi. Yaron da tsoro ya kama ba ya warkewa da duka, ko gori, ko yaudara. Gaskiya yake bukata, da iyayen da za su haɗa kai su yi haƙuri da shi, ko da dangi sun juya musu baya.