Garken Hadari a Gaɓar Zango

Da ƙarfe bakwai na safiyar Litinin rufin Gidan Hasashe, ofishin hasashen yanayi na gari, ya buɗe gida biyu, balbelu ɗari huɗu suka tashi a lokaci guda. Ba tsuntsaye ba ne. Ƙananan jirage ne farare marasa matuƙi, kowanne bai fi faifai faɗi ba, amma tun ranar da aka kawo su mutanen Gaɓar Zango suka raɗa musu wannan suna, don aikinsu bin girgije kamar yadda balbela ke bin shanu. Suka yi sama suna ƙugi, suka kewaye wani ɗan girgije da ke shawagi a kan kasuwar kifi, suka tasa shi a gaba har bakin teku, suka dawo da shi, suka sake kora shi. Gari kaf ya fito kallo. Mata na rangaɗa guɗa, masu shaguna sun bar ciniki, baƙin da suka zo hutu a bakin rairayi sun ɗaga kai baki buɗe.

Yalwa Barau, shugabar Gidan Hasashe, na tsaye a gaban babban allo. Shekara goma sha tara ke nan tana karanta wa garin hasashen mako a rediyo, kuma ba ta taɓa yi wa sama ƙarya ba. In ta ce ruwa, masu shanya su kwashe. In ta ce iska, masunta su ɗaure jirage. Amma a duk shekarun nan kallo ne nata. Yau ga linzami a hannunta.

"Shugaba, kin gani?" in ji Injiniya Jatau, abokin aikinta, wanda ya harhaɗa na'urar da ke sarrafa balbelun. Dariya yake yi har da buga ƙafa. "Wallahi ko ɗan maraƙi ya fi wannan girgijen gardama!"

Yadda abin yake ba shi da wuyar fahimta. Balbelun na fesa wa girgije ƙurar gishiri mai ɗauke da lantarki, wadda ke hana ɗigon ruwa haɗuwa har ya yi nauyin faɗowa. Sannan su hura masa iska mai zafi ta gefe ɗaya, sai ya gangara ɗaya gefen. Ruwan ba ya ɓacewa. Kai shi wani wuri ake yi a tsare. Jatau ya zaɓi wurin a taswira, kilomita hamsin cikin teku, ya zagaye shi da jan layi ya rubuta: Garke. Na'urar ta ƙirga gidaje da hanyoyi da gonaki a cikin da'irar, ta ce babu ko ɗaya. Shi ke nan, aka ce ba kowa a wurin. Kakannin waɗannan mutane daga arewa suka gangaro shekara saba'in da suka wuce, bayan teku ta cinye tsofaffin biranen gaɓa an yanka sababbi, kuma har yau jikokinsu, in ka cire masunta, kallon teku suke yi a matsayin bayan gari inda ake zubar da abin da ba a so.

Ƙarfe takwas Yalwa ta karanta hasashen. Litinin rana. Talata ruwa da yamma. Laraba ruwa tun safe. Alhamis rana. Juma'a yayyafi. Asabar ruwa ne, amma majalisar gari ta amince a kore shi, sau ɗaya tak, saboda Bikin Rairayi. A cikin teku kuwa, mako ne mai laushi, ba iska mai tayar da hankali.

Tana rufe makirfo wayarta ta yi ƙara. Yayanta ne, Cindo, shugaban masuntan unguwar Kwata.

"Auta, na ji ki. Jirage goma sha ɗaya za mu fita Tudun Kifi can cikin teku, sai Asabar da yamma. Kin tabbata dai?"

"Yaya Cindo, yaushe na taɓa sa ka asara?"

"Kin sa ni, ranar da kika ce tuwonki ya yi daɗi. To waɗannan tsuntsayen naku na roba, ba za su yi mana kashi a ka ba?"

"Tafi ka kamo mana kifi, sarkin surutu. Allah ya tsare."

Suka fita su sittin da uku a bisa maganarta.

Ranar Talata da hantsi aka yi sallama a ofis. Inna Tabawa ce, aminiyar marigayiya mahaifiyar Yalwa, wadda ta goye ta wata bakwai lokacin da uwar ke jinya. Ta hau bene hawa shida da sandarta, ta ƙi shiga na'urar hawa. Yalwa ta durƙusa har ƙasa. Aka gaisa, aka tambayi maigida, aka tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, tsohuwa ta kwance goro uku daga bakin zane ta ajiye a kan tebur.

"'Yar nan, wata 'yar alfarma ce. Kifina na shanye a tabarma arba'in, yini ɗaya ya rage ya bushe. An ce yanzu ke ce mai ruwan. Ki ɗan ja masa kunne zuwa gobe."

Yalwa ta san amsar da ta kamata. Kalma ce guda, gajeriya. Amma a garin nan ba a faɗa wa wadda ta goye ka ita. Ta sunkuyar da kai ta ce, "To, Inna."

Jatau bai ma yi gardama ba, murna ya yi da samun dalilin tayar da balbelunsa. Ƙarfe uku hadari ya haɗo baƙi ƙirin daga kudu, balbelu suka tarbe shi, cikin minti ashirin suka juya shi suka kai Garke. Rana ta fito tarwai. Aka yi ta tafi a tituna kamar an ci ƙwallo.

Labari bai kwana ba. Laraba da sassafe surukinta Malam Barmo, mahaifin mijinta, ya zo da kansa, ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon bango don kunya, ita ma tana durƙushe tana kallon ƙasa. A haka, ba wanda ya dubi wani, ya ce yau magina za su zuba simintin rufin benensa. Mutumin da ko sunansa ba ta iya faɗi, ina za ta iya ce masa a'a? Ruwan Laraba ya bi na Talata. Alhamis hadarin da ba a zata ba ya taso, masu rini suka aiko da dattijonsu. Juma'a shugaban gari, Alhaji Nomau, ya bugo waya ya ce baƙi sun fara sauka, yayyafi zai ɓata musu rai. Duk aka kora hadarin zuwa Garke.

Gaskiya ita ce makon ya yi daɗi. Rana kullum, teku shuɗiya, rairayi fari fat. Jiragen ƙasa masu gudu a kan iska suna ta sauke baƙi daga nesa. Masu tsire da masu kwakwa da masu hayar lema suka yi cinikin da ba su taɓa yi ba. Ana nuna Yalwa a hanya ana cewa ga mai ruwa nan, ita kuma, a faɗi gaskiya, abin na yi mata daɗi. Kada wani ya ce mantuwa ce ta hana ta duba Garke. Ta san abin da ke taruwa a can. Kunya ta fara sa ta, daga baya yabo ya ƙarasa.

Asabar ƙarfe goma na safe, kiɗa ya kankama a bakin ruwa, mutum ya kai dubu arba'in. Sai allon Gidan Hasashe ya koma ja. Jatau ya miƙe tsaye, kujerarsa ta faɗi.

"Shugaba, Garke ya ɓalle daga wurinsa. Ruwan kwana biyar ya haɗe, ya fara juyawa. Guguwa ce. Iska ta tura ta yamma."

"Yamma ina?"

Ya sa yatsa a taswira. Wurin shuɗi ne fayau, ba rubutu. Yalwa ba ta buƙaci rubutu ba. Tudun Kifi ne.

Rediyon teku ya yi ƙara, muryar Cindo ta shigo tana yankewa. Ba wasa a cikinta yau.

"Yalwa! Wane irin abu ne wannan? Sama ta yi baƙi kamar gindin tukunya, igiyar ruwa ta fi ɗaki tsawo. Kin ce mako mai laushi!"

"Yaya, ku yanke taru ku juyo!"

"Mu juyo ina? Ta tare mana hanyar gida!"

Magana ta yanke.

Jatau ya yi lissafi da sauri. Batiran balbelu ba za su wuce awa ɗaya da rabi ba. Ba za a iya tura guguwar can cikin teku ba, iska ba ta yarda. Hanya ɗaya ce: a ja ta arewa, a sauke ta a kan tudu. Tudun da ke kusa kuwa Gaɓar Zango ne.

Ana cikin haka Alhaji Nomau ya shigo da babbar rigarsa mai aiki, an kira shi daga rumfar manyan baƙi. Ya saurara, ya share gumi.

"Hajiya Yalwa, a yi haƙuri a riƙe ta zuwa la'asar. Baƙi na nan, idon duniya na kanmu. Masunta ai sun saba da ruwa. Ni ne fa nake roƙonki, alfarma ce."

Ta dube shi ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi wa babba ba.

"Ranka ya daɗe, a'a."

Ta juya ta kunna makirfo, ta haɗa shi da kowace lasifika da ke bakin ruwa. Kiɗa ya ɗauke.

"Jama'ar Gaɓar Zango, Yalwa Barau ce. Nan da minti hamsin ruwan kwana biyar zai sauka a kanku. Ni na tsare shi, ni zan sako shi. Ku ɗauki yara da tsofaffi ku hau tudun makaranta. Ku bar kaya. Yanzu!"

Shekara goma sha tara na gaskiya suka yi aikinsu. Ba wanda ya tsaya tambaya. Rairayi ya motsa kamar gidan tururuwa, masu motocin haya suka buɗe ƙofofi kyauta, samari suka goya tsofaffi. Jatau ya danna maɓalli, balbelu ɗari huɗu suka faɗa cikin baƙin hadarin. A allo ana ganinsu kamar ƙwayoyin gero, suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya, walƙiya na tsinke su. Ɗari uku. Ɗari biyu da sittin. "Tana juyowa!" Jatau ya yi ihu. "Wallahi tana biyo su, Shugaba, tana biyo su!" Yalwa ta tsaya a gaban allo tana kallon baƙar da'irar na janyewa daga Tudun Kifi taku ɗaya, taku biyu, ta miƙo gida.

Ƙarfe sha ɗaya da kwata guguwar ta iso. Awa uku ana zuba ruwa ba a ganin tafin hannu. Rumfunan biki suka tashi sama, kasuwar kifi ta cika har wuya, gidaje ɗari da ashirin na unguwar Kwata suka zube. Ba a rasa rai ba. Balbela goma sha tara suka dawo.

Lahadi da hantsi jama'a suka cika gaɓa, cikin tarkace, suna ƙirga jirage daga nesa. Takwas, tara, goma. Na goma sha ɗaya bai zo ba, kuma na Cindo ne. Yalwa ta shiga ruwa har gwiwa ba ta sani ba. Sai ta hango Cindo a bakin jirgin wani, ba riga, kansa ɗaure da tsumma, mutanensa shida na zaune a bayansa. Sittin da uku suka fita, sittin da uku suka dawo. Gaɓa ta kaure da kabbara da guɗa.

Ko gama murna ba a yi ba, Alhaji Nomau ya hau kan wani kifaffen tebur ya yi jawabi. Ya ce majalisa ta gano inda matsalar take: balbelun sun yi kaɗan, Garken kuma ya yi kusa. Za a kawo dubu biyu, a kai Garke kilomita ɗari uku, can inda ba kowa. Aka tafa masa. Har da waɗanda suka kwana a makaranta.

Cindo bai tafa ba. Ya sauko, Yalwa ta durƙusa a jiƙaƙƙen rairayi ta kama ƙafarsa tana kuka.

"Tashi, Auta, kin cece mu, na sani. Jirgi kuma katako ne, za a sassaƙa wani."

"Gobe Litinin, Yaya. Zan karanta hasashe na gaskiya, ba zan ƙara..."

Ya girgiza kai a hankali.

"Karanta abinki. Da can in kika ce rana, na san sama kika duba. Yanzu in kika ce rana, sai na fara tambaya wa ya zo gaishe ki."

Ya juya ya bi sauran masunta. Suka tsaya a bakin ruwa su sittin da uku, suka ba Gidan Hasashe baya, suka ɗaga kai suna karanta girgije da idanunsu.